Talotalon daji biyu a Mizuri: na farko ya kunyata mu, na biyu ya shiga tukunya huɗu

Mutum tara ne a falonmu ran nan, ban da yara, kuma kowa ya sha labari tun kafin ya iso: wai na shiga daji na harbo talotalo da hannuna. Uwargida ta fito da shi a babban faranti, ya yi jawur yana ƙyalli, har wani abokina Bazazzagi ya ce a dakata ya ɗauki hoto. Na sa wuƙa a ƙirji, nama ya rugurguje kamar burodin da ya kwana uku. Na koma cinya, wuƙa ta ƙi shiga. Da ƙyar na yanko wa kowa ɗan abin da zai taɓa, falo ya yi tsit, ba ka jin komai sai tauna. Can wani yaro ya zaro wani siririn abu daga bakinsa, mai kama da tsinken sakace, ya ɗaga sama ya ce, "Baba, akwai itace a ciki." Baƙi dai shinkafa da miya suka ci suka yi godiya.

Sati biyu bayan wannan na sake harbo wani, kusan girmansu ɗaya, a gona ɗaya, da bindiga ɗaya, kuma babu abin da muka zubar a jikinsa sai hanji da fata da gashi da kai. Abin da ya raba na farko da na biyu shi nake so in bi daki-daki, don duk kuskuren da mai farautar talotalo zai iya yi tsakanin daji da tukunya, sai da na yi shi a tsuntsu ɗaya.

Inda abin ya faru

Muna zaune ne a jihar Mizuri da ke tsakiyar Amurka. Maƙwabcinmu wani dattijo ne Bature da ya yi ritaya, yana da gona a tuddan Ozak, kudu da garin Rolla, rabinta ciyawar shanu rabinta kurmin itacen ok, wani itace mai 'ya'ya masu ɓawo da talotalo ke ci. Shekara biyu yana yi mini tayin in bi shi, ina noƙewa, har dai na je na yi kwas ɗin da jihar ta wajabta wa duk mafarauci da aka haifa daga 1967 zuwa yau, na yanki takardar izini, ya ara mini bindigarsa.

Farautar talotalo a nan ba ta ga-dama ba ce. Ana buɗe ta ranar Litinin ta uku a watan Afrilu, lokacin da sanyi ya janye itatuwa suka fara toho, a rufe bayan sati uku. Namiji kaɗai ake harbi, ko duk wanda ake ganin gemunsa, wato tuntun gashin nan mai kama da jelar doki da ke reto a ƙirjinsa. Ɗan jiha biyu aka yarje masa, kuma ba zai ɗauki fiye da ɗaya a satin farko ba. Wannan tsanani yana da dalili. A shekarun 1930 tsuntsun ya kusa ƙarewa a Amurka saboda sare daji da harbi ba ƙaƙƙautawa. An gwada sakin na kiwo a daji, suka mace. Abin da ya yi aiki shi ne kamo na daji da raga a kai su inda suka ƙare, aikin da hukumar kula da namun dajin Mizuri ta yi daga 1954 zuwa 1979, kuma ba a sake buɗe farautarsa a jihar ba sai 1960. Yanzu ana samunsa a kowace jiha ta Amurka ban da Alaska. Sayar da naman dajin da aka harbo kuwa haramun ne a doka, saboda haka ba za ka je kanti ka sayo wani ka gyara kuskurenka ba. In ka ɓata naka, sai ka sake tashin asuba, ko ka jira baɗi.

Kafin in je sai da na tambayi malamin masallacinmu. Ya kawo hadisin Adiyyu bin Hatim game da makamin da in ya huda dabba a ci, in ya buge ta da faɗinsa a bari, ya ce malamai da yawa na baya-bayan nan sun sa harsashi a cikin mai hudawa. Sharaɗi shi ne in yi bisimilla lokacin harbi, in kuma na tarar da shi da sauran rai in yanka shi. Don haka wuƙa mai kaifi tana aljihuna duk fitar da muka yi.

Tsuntsu na farko

Na yi sallar asuba a gefen mota, muka shiga kurmi da duhu-duhu. Dattijo ya tsaya ya haɗa hannuwa a baki ya yi kukan mujiya. Ni da na tashi inda ake jin kukan mujiya a yi a'uziyya, sai ga shi a nan da shi ake neman abinci: namijin talotalo, a kan bishiya yake kwana, kuma da ya ji ƙara mai ƙarfi sai ya amsa ba da son ransa ba, ya tona inda yake. Ya kuwa amsa. Muka jingina da wani ƙaton itace, dattijo yana goga wani ɗan akwatin katako da ke fitar da muryar mace. Wajen ƙarfe bakwai sai ga shi ya taho, ya baza jela, fukafukai suna jan ƙasa, kai ya yi fari da shuɗi. Kai da wuya ake auna, don kada ƙwayoyin dalma su cika ƙirji. Na yi bisimilla na harba daga kamar taku talatin, na ruga na same shi yana shure-shure, na yanka.

Daga nan ne ɓarna ta fara. Muka yi hotuna. Dattijo ya auna gemu, inci goma, ya auna ƙayar da ke bayan ƙafarsa irin ta zakara, inci ɗaya da 'yan kai, ya ce wannan ya kai shekara uku ko fiye. Na ji wannan magana a matsayin yabo, ban san gargaɗi ba ce. Ya ce in fasa cikin tun a nan, na ce a'a, sai yara sun gan shi yadda yake. Na jefa shi a but ɗin mota, muka tsaya shan shayi a hanya, muka biya wani kanti, ban isa gida ba sai wajen sha ɗaya da rabi. Tsuntsu ne mai gashi dubu biyar zuwa shida, bargo ne sosai, zafin jikinsa ba ya fita. Da na buɗe cikin sai wani tsami-tsami ya bugi hancina, musamman daga jakar abincin da ke ƙasan wuyansa, wadda ta cika da ɗanyar ciyawa da ƙwari. Sai da na yanke naman da ke kewaye da wurin na zubar.

Figa ma ta zo da nata. Da ɗuminsa gashin yana fita da sauƙi, amma da ya huce sai ya kafe. Na tafasa ruwa na kwarara masa kamar yadda ake yi wa kaza, ashe ruwan figar talotalo bai kamata ya wuce digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Salsiyas ba. Fata ta fara dahuwa, tana yagewa a hannuna. Awa biyu na yi a bayan gida, iska tana kwasar gashi zuwa gidan maƙwabta.

Washegari Asabar muka sa shi a obin ɗungurungum. Uwargida ta bi lissafin da take bi wa talotalon kanti duk watan Nuwamba, lokacin bikin godiyar Amurkawa da ake karya farashinsa: wuta digiri 165, awa huɗu. Tun wajen ɗora shi a tire ya nuna mana shi daban ne, don ya ƙi zama. Na kanti ƙirjinsa faffaɗa ne, yana zama daram. Wannan ƙirjinsa tsini gare shi kamar gindin kwale-kwale, ƙafafu zaƙo-zaƙo, sai da muka tokare shi da albasa ta gefe biyu. Sauran labarin kun ji shi.

Abin da Hajiya ta tambaya

Da daddare uwargida ta kira mahaifiyata a Kano tana ba ta labari, ni ina gefe ina jin kunya. Hajiya ba ta taɓa ganin talotalon daji ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Yaro ne ko tsoho?" Uwargida ta ce, "Hajiya, wai shekararsa uku." Sai ta yi dariya ta ce, "To ku da hankalinku, wa ya taɓa gasa tsohon zakara ɗungurungum? Ko zabo aka kawo miki daga ƙauye, ai wuta kike ba shi a ruwa. Ba ni shi ɗan nan." Aka miƙo mini waya, na sha faɗa na kuma sha addu'a.

Maganarta ita ce dukan bayanin, sai dai in ƙara abin da na gano daga baya. Talotalon kanti da na daji asalinsu ɗaya, don na gida daga na dajin Meziko aka samo shi, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Amma na kanti ana yanka shi bai wuce wata biyar ba, bai taɓa tashi sama ba, nauyin ƙirji ma ba zai bar shi ba, kuma yawancinsu an yi musu allurar ruwan gishiri kafin a naɗe a leda. Duk wani lissafin awa da aka rubuta a jikin ledar, don wannan tsuntsu aka yi shi. Na daji kuwa kullum yana kan ƙafa yana tono, yana gudu kamar kilomita 40 a awa, da magariba ya tashi ya hau bishiya. A watan Afrilu kuma namijin ya rame da bin mata da faɗa da 'yan'uwansa, ɗan kitsen da ya rage masa yana tattare ne a wani soso-soso da ke saman ƙirji, ba a cikin tsoka ba.

Saboda haka nama iri biyu ne a cikin fata ɗaya, kuma buƙatarsu ta saɓa. Ƙirji fari ne, ba kitse, da ya kai digiri 74 a ciki, wanda shi ne ma'aunin da hukumar aikin gona ta Amurka ta sa wa naman tsuntsaye, ya gama, duk minti ɗaya bayan nan bushewa yake yi. Cinya da ƙwauri baƙin nama ne mai jijiya, wanda a digiri 74 ko gezau bai yi ba, sai ya yi awoyi a cikin ruwa yana ɓararraka a hankali kafin jijiyar ta narke. Ga kuma waɗancan tsinkayen da yaron ya zaro: jijiyoyin ƙwaurin talotalo ne da suke ƙandarewa su zama ƙashi, ba wutar da za ta narkar da su. Duk wanda ya sa waɗannan biyun a obin ɗaya, lokaci ɗaya, dole ɗaya ya lalace. Mu da muka yi awa huɗu, duka biyun muka rasa: ƙirji ya wuce, ƙafa ba ta iso ba.

Akwai masu gasa shi ɗungurungum su ci lafiya, ban musa ba. Amma in ka bincika za ka tarar ɗan shekara ɗaya ne, ko macen da aka harba a farautar kaka lokacin da suka yi ƙiba da 'ya'yan ok, an jiƙa a ruwan gishiri, an lulluɓe ƙirjin da kitse. Tsohon namiji na watan Afrilu ba ya cikin wannan lissafi.

Uwargida ba ta bar na farkon ya tafi a banza ba. Washegari ta zare naman daga ƙashi, ta mayar da shi tukunya da albasa da citta da attaruhu ya sake dahuwa har ya saki, ta tsince tsinkayen, ta daka, ta soya a man gyaɗa. Dambun nama ya fito ba laifi, yara suka yi sati suna ci da burodi. Naman da ya riga ya bushe, dambu ne kaɗai maganinsa da na sani.

Tsuntsu na biyu, daga daji zuwa firji

A sati na uku muka koma. Sau biyu muna dawowa hannu rabbana, ban da kaskar da muka kwaso a ƙafa, sai a fita ta uku Allah ya ba da sa'a. Wannan karon da kula cike da ƙanƙara na je. Ina yankawa na cike takardar izini a waya, na yi masa rajistar da doka ta ce a yi kafin ƙarfe goma na daren ranar kuma kafin a yanyanka nama. Hoto ɗaya na yarda aka ɗauka. Sannan na tsaga ƙasan ƙashin ƙirji zuwa dubura, na sa hannu na jawo kayan ciki a hankali don kada hanji ya fashe, na ware ƙundu da hanta da zuciya a leda, na cire matsarmama daga jikin hantar, na tsaga gindin wuya na fitar da jakar abinci. Na cusa ƙullin ƙanƙara a cikin, ba tare da ruwa ya taɓa naman ba. Duka-duka minti goma sha biyar.

A gida ban fige ba, feɗe shi na yi. Tunda ba gashi ɗungurungum za a yi ba, fatar ba ta da wani aiki, ga ta da kauri. Na rataye shi, na tsaga fata a kan ƙashin ƙirji na ɓare ta gefe da gefe kamar ana tuɓe riga. Na bi jikin ƙashi da wuƙa na ɗebo tsokar ƙirji biyu, kowace ta haura kilo ɗaya, tare da 'yar siririyar tsokar da ke manne a ƙarƙashin kowace. Na karya cinyoyi baya har gaɓa ta ɓalle na yanke su. Fukafukai, wuya da ƙashin baya na sassara su daban. Abin da ya ɗauke ni awa biyu a na farko, a minti arba'in na gama shi.

Dattijo yana tsaye yana kallo. Da ya ga ina wanke ƙafafun sai ya ce shi shekara da shekaru ƙirji kaɗai yake damuwa da shi, ƙafa sai dai ya dafa wa karnuka, don ba ta tauno. Ba shi kaɗai ba ne, mafarauta da yawa haka suke yi, duk da dokar jihar ta hana watsar da abin da ake ci a jikin naman daji. A ganina wannan asara ce babba, kusan rabin tsuntsun ke nan.

Abu biyu na yi kafin in sa a firji. Na bi kowace tsoka da yatsa ina neman huda, don inda ƙwayar harsashi ta shiga takan tura gashi ciki, ta bar gudan jini. Na zaro ƙwaya uku daga saman ƙirji. Wannan ba abin wasa ba ne, dalma guba ce, ƙwayoyin zamani na ƙarfen tangistin kuma suna fasa haƙori. Sannan na rufe naman na bar shi kwana biyu a sanyin da bai wuce digiri 4 ba, don tsokar da ta sandare bayan yanka ta saki. Na farkon ko wannan hutun bai samu yadda ya kamata ba.

Tukunya huɗu

Kayan ciki muka fara ci, tun ranar. Ƙundun ya kai dunƙulen hannuna. Da na tsaga shi na tarar da tsakuwa da ɓawon 'ya'yan ok a niƙe. Na ɓare rawayar fatar ciki, uwargida ta tafasa shi shi kaɗai kusan awa ɗaya kafin ta soya da hanta da zuciya da albasa. Ta ajiye mini a gaba ta ce, "Malam, ƙundu dai na maigida ne, ko da maigidan ya ba mu kunya wancan satin."

Ƙirji na farko mun bi hanyar mutanen wurin, don dattijo ya dage. Daren da ya gabata na jiƙa duka ƙirjin biyu a ruwan gishiri, giram 60 a kowace lita, da ɗan sukari da tafarnuwa, awa goma a firji. Gishirin yana shiga tsoka ya sa ta riƙe ruwa a kan wuta, wato abin da kamfani ke yi wa na kanti da allura. Na ɗauraye, na tsane, na ɓare farar yanar da ke bayan tsokar. Dattijo ya nuna mini yadda zaren naman ya kwanta, ya ce a yanka a gicciye, kada a bi tsawonsa, in ba haka ba ko an dafa daidai sai an yi ta ja da haƙori. Muka yanka gutsi-gutsi kamar babban yatsa, muka zuba a madararsu mai tsami, wadda ba ta da maraba da nonon da aka cire wa mai, awa biyu. Daga nan sai fulawa mai gishiri da barkono, sai mai a digiri 175, minti uku zuwa huɗu. Ya ce alamar ita ce su taso sama su yi ruwan zuma, amma ni na soka ma'aunin zafi a mafi girmansu don in tabbatar. Abin ya yi daɗi ƙwarai, taushi kamar ba jikin tsohon tsuntsu ba, kuma yana da ɗanɗanon da na kanti ba shi da shi. Yara suka cinye kafin a sauke kasko na uku. Siririyar tsokar nan ta ƙarƙashi tana da farar jijiya a tsakiya, ana kama bakinta a zare ta tsakanin haƙoran cokali mai yatsu. Ita uwargida ta soya wa kanta, kuma ban yi gardama ba.

Sauran hanyoyinsu na ƙirji kusan duk da kitsen alade suke naɗe shi, ko a gasa ko a yi masa hayaƙi. Mu ba ruwanmu da wannan, amma dalilin yana nan: tsoka ce da ba ta da mai, sai an ara mata.

Wannan ne ya sa tsiren da na yi da ƙirji na biyu ya fito rabi da rabi. Na fere naman fale-fale, na tsire, na shafa man gyaɗa, na birkiɗa a yajin ƙuli da aka aiko mana daga gida. Jerin farko na bar shi a kan garwashi kamar yadda ake barin na sa, ina juyawa ina hira, ya bushe ya zama ɗan'uwan kilishi. Jeri na biyu na sa gutsuren kitsen rago tsakanin yanka da yanka, na matso da shi kusa da wuta, minti biyu kowane gefe, ina yayyafa mai. Wannan ya yi. Amma gaskiya tsiren talotalo bai kamo ƙafar na sa ba, kuma in na sake samu, suya zan yi da duka biyun ko in yi kilishin da gangan.

Ƙafafun su ne suka biya ni wahalata. Uwargida ta raba cinya da ƙwauri, ta soya su sama-sama a ɗan mai har suka yi ja, ta zuba albasa biyu manya, citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro, kimba guda uku da ta fasa, attaruhu, da daddawa kaɗan. Ta zuba ruwa ya sha kansu, ya tafaso, ta rage wuta can ƙasa yadda sai jefi-jefi ruwan zai ɗan ɓararraka. Bayan awa biyu na ɗaga murfi na soka cokali, yana nan kamar taya. Na ce ko dai a ƙara wuta. Ta ce, "Malam, fita daga kicin ɗin nan." A awa uku cinya ta fara saki. Ƙwauri sai da ya cika awa huɗu da kwata. Ta tsamo su a tire, suka sha iska, muka zauna mu biyu muna zare nama da hannu. A nan ne mutum zai ga tsinkayen da kyau: sirara, farare, masu sheƙi, wasu sun kai tsawon yatsa, suna zamewa daga cikin naman da kansu. A ƙwauri ɗaya na tara fiye da goma. Dole a yi wannan tsintar a natse, da haske, musamman in yara za su ci. Ta mayar da naman cikin romonsa, ta gyara gishiri, ta watsa ɗanyar albasa.

Launin naman ya yi duhu kamar na rago, ɗanɗanonsa kuwa tsakanin zabo da naman sa. Romon da ya kwana a firji ya daskare kamar na ƙafar sa, alamar jijiyar ta narke ta shiga ruwa. Mai tukunyar firesha zai iya rage lokacin sosai, amma tsintar tsinke tana nan. Mafarautan Luwiziyana da irin wannan ƙafa suke yin miyarsu ta gambo, wadda sau da yawa da kuɓewa ake yin ta, a Meziko kuma a miyar barkono mai kauri da suke kira mole ake cin talotalo. Duk inda aka daɗe da sanin tsuntsun, ruwa da lokaci ake ba ƙafarsa.

Ƙashin baya da wuya da fukafukai su ne tukunyar ƙarshe. Na gasa su a obin minti arba'in suka yi ja, na zuba a babbar tukunya da albasa da citta, suka yi rabin yini a kan ƙaramar wuta. Na tace romo kusan lita huɗu, na tsinci nama cikin kwano guda daga wuya da fukafukai. Rabi uwargida ta kaɗa miyar kuka da shi ranar Juma'a, rabi muka ƙulla a leda muka jefa firiza.

Farfesun kuwa na ɗiba a kwano na kai wa dattijo da yamma. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kai cokali ɗaya, attaruhu ya sa shi tari har da hawaye, ya share ido ya sake kai wani. Ya tambaye ni sau biyu ko da gaske ƙafar ce. Bayan kwana uku sai ga shi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da wata tsohuwar tukunyar ƙarfe a hannu, ya ce akwai ƙafafun nasa tsuntsun a firiza da ya ajiye wa karnuka, ya fasa ba su. Uwargida ta ƙulla masa kimba da masoro da kanumfari a leda, ta rage masa attaruhu zuwa ɗaya, ta rubuta masa awa huɗu a takarda ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya karanta, ya ɗaga kimba yana jujjuyawa, ya tambayi ko ana cin ta ne ko tsamewa ake yi.